Daga Raga Zuwa Gaɓa: Sa'o'in Da Kifin Masunci Ke Lalacewa

A wannan mako ina so mu bar tudu mu shiga ruwa, domin akwai wata asara da take faruwa kullum a cikin kwalekwalen masunta, wadda ba a buga ta a jarida, ba a kuma kafa mata kwamitin bincike, alhali tana taɓa aljihun masunci, tana kuma taɓa lafiyar wanda ya saya ya ci.

A bazarar da ta gabata wani aikin bincike ya kai ni da ɗalibaina uku wani ƙauyen masunta a gaɓar tafkin Kainji, kudu da Yawuri. Mai masaukinmu dattijo ne daga cikin Sarkawa, wanda ya gaji su kaka da kakanni. Da na roƙe shi ya tafi da ni duba raga, sai ya yi murmushi ya ce in dai zan iya zama wuri ɗaya ban motsa ba, to bismilla. Muka fita bayan sallar asuba, ni da shi da jikansa. Ragar irin wadda suke kira kalli ce, an shimfiɗa ta tun la'asar ɗin jiya, ta kwana a ruwa. Akwai inji a bayan jirgin, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba ya tayar da shi sai ta kama dole, saboda haka da filafili muka je, da shi kuma muka dawo. Allah Ya ba da sa'a a ranar: karfasa da yawa, kurungu, tarwaɗa 'yan kaɗan, da giwan ruwa ɗaya madaidaici. In ban da tarwaɗa, kowane kifi aka ciro daga raga sai a jefa shi ƙasan jirgi, inda ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katakai ya taru. Kafin mu gama jan raga ta ƙarshe hantsi ya dubi ludayi. Kafin mu iso gaɓa kuwa an kusa kiran azahar, katakon da nake zaune a kai ya yi zafin da ba na iya ɗora masa tafin hannu.

A bakin gaɓa wata mata mai sarin kifi ta tare mu. Takan ɗauki kifi ta danna shi da babban yatsa, ta ɗaga murfin kunnensa ta leƙa, ta kai shi hanci, sannan ta jefa shi dama ko hagu. Na dama ta saya da farashin ɗanyen kifi. Na hagu, wanda ya kusa kai rabin kamun, ta taya shi da kuɗin da bai kai rabin na farko ba, ta ce ba zai kai Yelwa ba, sai dai a yi banda. Dattijon bai ja da ita ba, domin ya san gaskiyarta. Da muka koma gida na ce, "Baba, ashe haka abin yake kullum?" Ya ce, "Malam, da sanyi ba haka ba ne. Amma da bazara, ruwa ya ba ka, rana ta ƙwace." Wannan magana ce ta sa na zauna rubuta abin da kuke karantawa.

Mu fara da abin da ke faruwa a jikin kifi daga lokacin da rai ya fita. Abubuwa biyu ne suke soma aiki nan take. Na farko, sinadaran da kifin yake narkar da abinci da su a cikin hanjinsa ba sa tsayawa don ya mutu. Da yake babu sauran mai tsare su, sai su juya su soma narkar da bangon cikin kifin kansa. Shi ya sa karfasar da ta ci ta ƙoshi kafin a kama ta take saurin yin laushi, har cikinta ya fashe. Na biyu, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, jibge a cikin yauƙin fatar kifi da cikin kunnensa da hanjinsa. Muddin kifi na raye da lafiyarsa ba sa iya shiga tsoka. Da zarar ya mutu sai ƙofa ta buɗe, su yi ta hayayyafa suna cin tsokar, abin da suke fitarwa kuma shi ne warin nan da ya bambanta da ƙarnin kifi na asali.

Duka ayyukan biyu zafi ne yake tuƙa su. Ƙiyasin da masana suka saba amfani da shi shi ne, kifin da aka ajiye a digiri 5 na ma'aunin Salshiyos yana lalacewa da saurin da ya ninka na wanda ke cikin ƙanƙara kimanin sau biyu, wanda ke digiri 10 kuwa sau huɗu. To ina ga wanda yake kwance a ƙasan jirgi a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin iska a ƙasar Yawuri yakan kai digiri 40, ruwan saman tafkin ma kansa yana kusan digiri 30? A irin wannan yanayi yini ɗaya ya yi wa ɗanyen kifi yawa, wani nau'in ma ba ya kai sa'a 12 bai juya ba. Amma irin wannan karfasar, in aka binne ta cikin ƙanƙara tun fitowarta daga ruwa, takan kai mako biyu har fiye tana nan lafiya. Kifin ƙasashe masu zafi ma ya fi na ƙasashen sanyi daɗewa a ƙanƙara, saboda bakteriyar da ke jikinsa ba su saba da sanyi ba. Wato Allah Ya hore mana kifin da ƙanƙara ta fi yi wa amfani, sai dai ƙanƙarar ce ba ta isa gare shi.

Kuskuren da na shiga jirgin da shi shi ne zaton cewa agogon lalacewa yana somawa ne daga lokacin da aka ciro kifi daga ruwa. Ashe ga mai kalli tun cikin dare yake somawa. Kifin da ya faɗa raga da magariba yakan yi ta fafutuka har zare ya shaƙe shi ya mutu, sannan ya kwana a rataye cikin ruwa mai ɗumi. Kafin masunci ya iso da safe ya riga ya yi sa'a 8 ko 9 a mace. Fafutukar ma tana da nata lahani, domin tana ƙone ƙarfin da ke ajiye a tsoka, kifin ya sandare da wuri, ya kuma saki da wuri, bakteriya kuwa sun fi samun sarari bayan ya saki. Da na tuna kifayen da matar nan ta jefa hagu, sai na ga mafi yawansu tun a raga muka ciro su sun koɗe, ido ya dushe. Rana ƙarasa su kawai ta yi.

To, mene ne abin yi? Zan fara da abin da ba ya buƙatar ko kwabo. Na farko shi ne rage zaman raga a ruwa a watannin zafi. Wanda ya saba shimfiɗawa da la'asar, in ya jinkirta zuwa gab da magariba, ya kuma yi sammakon dubawa, ya rage wa kifinsa sa'a 3 ko 4. Wanda ragarsa take kusa da gida yana iya duba ta sau ɗaya da tsakar dare. Na san wannan ƙarin wahala ne, ruwa da dare kuma ba abin wasa ba ne. Amma lissafin a fili yake: kwando ɗaya na kifi mai kyau ya fi kwando biyu da za a taya ƙasa da rabin kuɗi. Haka kuma a ware tun a cikin jirgi. Wanda aka tarar ya daɗe da mutuwa kada a haɗa shi da wanda aka ciro yana motsi, domin yauƙin wanda ya juya yana shafar mai kyau.

Na biyu, a ɗaga kifi daga ƙasan jirgi. Ruwan da ke kwance a nan ya haɗa jinin kifin jiya da yauƙin na shekaranjiya da laka, wani lokaci har da ɗigon fetur da baƙin mai, ga shi rana ta ɗumama shi. Kwando, ko 'yan sanduna da aka jera aka ɗora tabarma a kai, sun isa su raba kifi da wannan ruwa. A kuma wanke jirgi da kwanduna bayan kowace fita, a bar su su sha rana. Kada a taka kifi, kada a tula shi tsibi mai tsawo har na ƙasa ya matse, domin duk inda fata ta ƙuje ko tsoka ta dagargaje, a nan ruɓa take somawa.

Na uku, inuwa da jiƙaƙƙen buhu. Kowa ya san dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi. A kan wannan hikima ce marigayi Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, wadda ta samar masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Masunci na iya cin moriyar wannan ta hanyar rufe kwandon kifi da buhun algarara mai tsabta, yana yayyafa masa ruwa a kai a kai, ya kuma kafa 'yar rumfar tabarma a sama yadda iska za ta riƙa ratsawa. Leda ko tamfol ba sa wannan aiki, turara kifin ma suke yi. Busasshiyar iskar Maris ta fi dacewa da dabarar a kan iskar damina mai laima. Kada dai a ɗauka jiƙaƙƙen buhu zai maye gurbin ƙanƙara, 'yan sa'o'i kawai yake ƙarawa. Sai dai ga wanda tafiyarsa ta sa'a 4 ce, 'yan sa'o'in nan na iya zama bambancin dama da hagu a hannun mai sari.

Na huɗu, kifin da zai iya rayuwa a bar shi da ransa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a saman kunnenta da take shaƙar iska kai tsaye da ita, gaiwa kuwa huhu gare ta. Irin waɗannan in aka sa su a baho da ruwa kaɗan a inuwa, ana sauya ruwan, sukan isa kasuwa suna motsi, mai saye kuma ba ya jayayya da kifin da ke motsi. Masunta sun riga malaman jami'a sanin wannan, domin da idona na ga dattijon ya zura wa manyan tarwaɗa igiya ya bar su suna bin jirgi a cikin ruwa. Giwan ruwa da karfasa kuwa ba sa daɗewa a ɗan ruwan baho mai zafi, saboda haka gara a kashe su nan take da bugu ɗaya a ka, a yanka ƙasan kunne jini ya tsiyaye, da a bar su suna tsalle a rana har su mutu.

Na biyar shi ne wanda na sha kaye a kansa. Duk littafin da ka buɗe zai ce maka a farke cikin babban kifi tun a jirgi, a cire hanji da jan abin nan da ke cikin kunne, a wanke da ruwa mai tsabta, a kifa shi ruwa ya tsane. Dalilin a bayyane yake, tunda a nan ne sinadaran narkarwa da mafi yawan bakteriya suke. Na kawo wa dattijon wannan shawara ina jin kaina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka ga inda matar nan take leƙawa kafin ta saya?" Na ce na gani. Ya ce, "To in na cire shi, me za ta leƙa? Cewa za ta yi na farke ne don in ɓoye ruɓa, ta karya kuɗin." Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Kasuwarmu ta saba da sayen kifi ɗungurungum, kunne da ciki su ne shaidar da mai saye yake dogara da ita. Masuncin da ya yi abin da ya fi kyau shi kaɗai, shi zai kwana ciki. Wannan gyara ba zai yiwu daga ɓangare ɗaya ba, sai an zauna da masu sari da dillalai da sarakunan ruwa an amince cewa farkakken kifi mai tsabta yana da nasa farashi. Kafin a kai ga haka, aƙalla kifin da aka san banda za a yi da shi, ko wanda za a ci a gida, babu hujjar barin sa da hanji har gaɓa. Sharaɗin dai shi ne wuƙa mai tsabta da ruwan tsakiyar tafki. Ruwan ƙasan jirgi ko na bakin gaɓa inda ake wanka da wanki ƙara ɓata kifin zai yi.

Yanzu sai maganar ƙanƙara, wadda kowa ke cewa ta fi ƙarfin talaka. Bari mu yi lissafi. Kilo 10 na kifin da ke digiri 30 ba ya buƙatar fiye da kimanin kilo 3 da rabi na ƙanƙara kafin ya sauko zuwa sifili, wato kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Amma shawarar da ake bayarwa a ƙasashe masu zafi ita ce kilo ɗaya na ƙanƙara ga kowane kilo na kifi, wani lokaci ma fiye. Ina ragowar kashi biyun suke tafiya? Rana da iska da katakon jirgi ne suke shanye su. Ma'ana, rashin akwati mai kyau ne yake cinye mafi yawan kuɗin ƙanƙara. Akwatin kuwa ba sai kula ta kanti ba. Kafinta na iya haɗa akwati mai bango biyu, a cika tsakaninsu da busasshen ɓuntun shinkafa, wanda ke jibge a bayan injinan casa na Yawuri, ko garin katako, ko farin soson nan mara nauyi da ake sako firji da talabijin a ciki. Sai a lulluɓe cikinsa da farantin alminiyam, a yi masa murfi mai kamawa da 'yar ƙofar tsiyayar ruwa a ƙasa. Gangar jikin tsohon firji da ya mutu ma tana wannan aiki. Abin lura shi ne kada ruwa ya shiga ɓuntun, domin da ya jiƙe ya daina tare zafi.

Amfani da ƙanƙarar ma yana da ƙa'ida. A tafi da ita a dunƙule, domin ta fi jinkirin narkewa, sai an zo sa kifi a farfasa ta ƙanana yadda za ta taɓa jikinsa ta ko'ina. Dunƙule ɗaya da aka ɗora a kan tsibin kifi na sama kawai yake sanyayawa. A fara shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa, a jera kifi, a rufe da ƙanƙara, a sake jerawa, a ƙare da ƙanƙara a sama, a bar ruwan da ya narke ya tsiyaye. A sa kifi tun yana fitowa daga ruwa, domin ƙanƙara jinkirta lalacewa take yi daga inda ta same ta, ba ta mayar da wanda ya juya sabo. A tabbata kuma da ruwan sha aka yi ta. Sannan akwati da ƙanƙara kaya ne masu nauyi, a lissafa su cikin abin da jirgi zai iya ɗauka. Mutanen wannan yanki ba su manta da hatsarin jirgin Wara na watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawa.

Wanda tafiyarsa ta kwanaki ce, kamar masuntan da ke yada zango nesa da gida inda babu ƙanƙara, gishiri ne abokinsa: a farke, a tsaga, a shafe da gishiri, ko a tsoma a ruwan gishiri mai kauri kafin a kai ga wuta. Gishiri yana zuƙe ruwan da bakteriya ke rayuwa da shi, yana kuma rage ɓarnar ƙuda. Amma a daina ɗaukar banda a matsayin asibitin kifin da ya juya. Wuta tana kashe bakteriya, hayaƙi yana rufe wari, amma tsokar da ta riga ta narke ba ta komawa. Irin wannan banda ce take yin tsami, take rugurgujewa a kwali kafin ta isa Kano ko Anacha, ita ce kuma ƙuda suka fi so. A nan ne mugun abu yake shigowa, domin mai kayan da ya ga tsutsa ta soma yi masa ɓarna shi ne yake kai hannu ga fiya-fiya ko Gamalin ya yayyafa. Sinadarin da ke cikin Gamalin 20 yana cikin jerin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009. Wanda ke cikin fiya-fiya kuwa shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi kan sa shi a abinci. Gubar da take ƙarewa a miyar wani gida a birni, sau da yawa asalinta sa'o'in nan ne da kifi ya yi a raga da ƙasan jirgi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wurin da duk wannan yake faruwa. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu, har da tsohuwar Bussa da ruwa ya shanye, domin ƙasa ta sami lantarki. An girka wa tashar ƙarfin megawat 760. Yau shekara fiye da 50, da yawa daga ƙauyukan bakin tafkin ba su da wutar da za ta daskarar da ruwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambata sun ce Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa ya yi ƙasa da haka sosai, shi ya sa ake kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da kifin ƙanƙara. Kifin da aka kamo a tekun Turai yakan iso kasuwar Kano a daskare bayan tafiyar dubban kilomitoci, amma karfasar da aka kama 'yan kilomitoci daga gaɓa ba ta iya isa Yelwa lafiya. Yawancin tallafin da ake rabawa raga ce da 'ya'yan kifi da murhun banda. Duk suna da amfani, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa sa'o'in da ke tsakanin raga da gaɓa.

Ba abu ne da ba a taɓa yi ba. A tafkin Biktoriya, inda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suke fitar da giwan ruwa zuwa Turai, akwai jiragen da aikinsu kawai shi ne ɗaukar ƙanƙara su bi masunta har tsibirai su karɓi kifi. A nan gida ma kamfanin ColdHubs ya fara kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni tun 2015, inda mai kaya ke biyan kuɗin ajiya na kwana. Kirana ga gwamnatocin Kebbi da Neja, da ma'aikatar tarayya mai kula da albarkatun ruwa da aka kafa a 2023, shi ne a kafa ƙananan injinan ƙanƙara masu hasken rana a manyan mashigan kifi, a damƙa su ga ƙungiyoyin masunta da matan da ke sari, waɗanda abincinsu ya dogara da injin ya ci gaba da aiki. Masunci ɗaya ba zai iya sayen akwati da ƙanƙara da man inji ba, amma jirgi ɗaya mai akwati zai iya zagaya kwalekwale goma ya karɓi kamunsu tun da hantsi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu malaman jami'a ma muna da namu laifi. Masanan Cibiyar Binciken Kifi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa sun daɗe suna nazarin wannan asara a tafkin Kainji, musamman A. A. Eyo, wanda ya wallafa littafi kan sarrafa kifi a ƙasashe masu zafi a 2001. Rubuce-rubucen suna nan da Turanci a ɗakunan karatu, muna koyar da su, ɗalibai suna cin jarrabawa da su, amma dattijon da ya ɗauke ni a jirginsa bai taɓa jin labarinsu ba. Mu kuma ba mu taɓa jin abin da ya gaya mini game da kunnen kifi da mai sari ba, domin ba mu je mun tambaya ba. Kai kuma mai karatu da kake sayen kifi, ka koyi abin da matar nan ta sani: ido garau a tashe, cikin kunne ja wur, tsoka mai dawowa in an danna, ciki a ɗaure. In ka sami irin wannan, ko da farkakke ne, ka biya shi da daraja, domin farashin da kake biya shi ne zai gaya wa masunci ko wahalarsa ta biya.

Kafin mu baro ƙauyen na yi wa dattijon alkawarin cewa ɗalibaina za su haɗa akwatin ɓuntu mu kawo masa ya gwada a bazara mai zuwa. Ya amince, amma da sharaɗi biyu: in ya yi nauyi ba zai shiga jirginsa ba, sannan sai mun fara zama da matar nan mai sari mun ji nawa za ta ƙara a kan kifin da ya fito daga ciki. Mun karɓi sharuɗɗan, kuma zan kawo muku abin da gwajin ya haifar a wannan fili, ko ya yi ko bai yi ba. Allah Ya kiyaye masu shiga ruwa, Ya sa albarka a cikin sana'arsu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.